Kalma ɗaya: a nan tururuwa, a can tsuntsu

Yau ƙasar Filifins za mu leƙa, mai tsibirai sama da 7,000, don akwai darasin da ya shafe mu.

A Manila, babban birnin ƙasar, Tagalog ake yi. A tsibirin Sebu da yawancin Mindanawo kuwa Sibuwano. Idan ɗan Manila ya ce "langgam", tururuwa yake nufi, amma a Sebu tsuntsu ne. "Gubat" a Tagalog daji ne, a Sibuwano yaƙi. To fa, wani na cewa ya tafi itace, wani na jin an kama hanyar fagen fama!

Wannan duk abin dariya ne. Wanda babu dariya a ciki shi ne "salvage". A Turancin Ingila ma'anarta ceto, kamar a tsamo kaya daga jirgin da ya nutse. A Filifins kuwa, musamman tun mulkin ƙarfa-ƙarfa da Ferdinand Marcos ya kafa a 1972, ma'anarta a ɗauke mutum a kashe shi ba shari'a. Baƙon da ya dogara da ƙamus zai yi murna an ceci mutum, alhali iyalinsa na zaman makoki.

Mu ma mun san wannan. A kasuwar Maradi "dala ashirin" kuɗin ƙosai ne. Ka faɗa a Kano, sai a ɗauka dalar Amurka kake magana.

A 1937 shugaba Manuel Quezon ya zaɓi Tagalog ya zama tushen harshen ƙasa, kuma har yau akwai masu Sibuwano da ke ganin an mayar da su saniyar ware. Mu kuma a Maris ɗin 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Mun ji daɗi, gaskiya. Amma ra'ayinmu shi ne kada daɗin ya sa mu ɗauka duk wanda ya gyaɗa kai ya gane. A asibiti, a kotu, a ofishin ƴan sanda, Bazabarme ko Buzu ko Bafulatani na iya jin kalmarmu ya fahimci wani abu dabam, kuma a irin wuraren nan kuskure ɗaya rai yake ci ko ƴanci.

Don haka a samar da tafintoci na gaske, mu kuma mu riƙa tambaya: me ka fahimta? Matambayi ba ya ɓata. Allah ya sa mu dace.