Masu Rage wa Waya Nauyi

Wata magana ta zama ruwan dare a Jos, daga ofisoshi har majalisun hira: wai yaron da ya karanta kimiyyar kwamfuta, in bai fito da manhajar da za a sauke a waya ba, ya yi asarar kuɗin iyayensa. Wanda kuwa ya duƙufa kan lissafi, yana neman yadda na'ura za ta gama aiki da ɗan ƙoƙari kaɗan, sai a ce wahalar banza yake yi. Ban yarda ba ko kusa, kuma hujjata tana kasuwar Katako.

Ku tsaya a layin 'yan gwanjo da safe, lokacin da ake yanka dila. Mai kaya zai ɗaga rigar sanyi ya ɗauki hotonta, ya tura wa abokin cinikinsa a Bauchi, sannan ya danna koren maɓallin saƙon murya ya riƙe: "Alhaji, ga ta nan, in kana so ka yi magana kafin azahar." Wayar itel ce mai tsagaggen gilashi, sabis na rawa, injin yanka katako na kururuwa a bayansa. Amma saƙon ya isa, murya ta fito sarai, datar da ya ci ba ta taka kara ta karya ba. Aikin wa ke nan? Ba na wanda ya zana koren maɓallin ba ne.

Murya in ta shiga waya lambobi take zama. Kafin a matse ta, dole a rarrabe sautukan da ke cikinta, masu kauri da masu siriri, a zubar da abin da kunne ba ya kamawa. A tsohuwar hanya, rarrabe lambobi 1,024 na cin lissafi sama da miliyan ɗaya. A 1965 James Cooley na kamfanin IBM da John Tukey suka wallafa wata dabara da ta mayar da shi wajen dubu goma. Sau ɗari ke nan aka rage. Sabis ɗin 4G da muke taƙama da shi a kan wannan dabara yake tsaye.

Sai Nasir Ahmed, haifaffen Indiya, malami a Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka. A 1972 ya nemi tallafin bincike kan wata hanyar matse bayanai, aka hana shi. Duk da haka ya ci gaba, ya wallafa aikin a 1974 tare da abokan aikinsa biyu. Hoton rigar nan da ya tafi Bauchi, da tsarin JPEG aka matse shi, kuma lissafin Ahmed ne ƙashin bayan JPEG. A 1997 kuma Matteo Frigo da Steven Johnson na MIT suka saki FFTW kyauta, manhajar da ke gwada hanyoyi daban-daban na wancan lissafin rarrabe lambobi a kan kowace kwamfuta ta zaɓi mafi sauri. Ba ta da fuska, ba ta da talla, amma injiniyoyin duniya da ita suke aiki. Da a ce da mizaninmu aka auna mutanen nan, da duk sun faɗi.

Za a ce mini talaka aiki yake nema yau, ba gobe ba. Gaskiya ne, kuma ba na adawa da shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa miliyan uku. Amma horon 'yan watanni mai amfani da kayan wasu yake fitarwa, ba mai ƙera su ba. Jami'o'inmu kuma, da ya kamata su cike giɓin, yawan muƙalu suke ƙirgawa wajen ƙarin girma. Malamin da ya shafe shekara uku yana gyara manhajar da za ta rage cin batir, wanda ya zubo takardu goma da ba mai karantawa zai wuce shi. Wannan zalunci ne, kuma shi ke korar masu basira.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, aikin da ya rage namu ne, ba wanda zai yi mana. Bahaushe da saƙon murya yake kasuwanci, don da yawa rubutun boko na yi musu nauyi. Hausa harshe ne da hawa da saukar murya da tsawon wasali ke sauya ma'ana a cikinsa. Wa zai koya wa waya mai arha ta fahimci dattijuwa tana magana a tsakiyar hayaniyar kasuwa, ba tare da intanet ba, batir kuma bai mutu ba? Wannan aikin rage lissafi ne tsagwaronsa.

Jami'ar Jos tana gari ɗaya da Katako. Ina kira gare ta, da asusun TETFund, su ware tallafi na shekaru ga ɗaliban digiri na biyu da na uku masu wannan bincike, su kuma riƙa lissafa manhajar da aka gwada ta yi aiki daidai da muƙala a teburin ƙarin girma.