Motar Haɗawa Ta Yara: Abin Da Za Ki Duba Kafin Ki Biya Kuɗi

Dogon hutu ya ƙarato, kuma kowace uwa ta san abin da ke biyo baya: yaro ya wuni manne da waya, ko ya wuni yana kwance rediyon gida don ya ga abin da ke ciki. Irin wannan yaro mai son kwance-kwance shi nake so mu tattauna a kansa yau. Da can da kara da gwangwani da tsohon silifa yake ƙera motarsa, har ya yi mata dogon sitiyari na waya. Yanzu akwai motocin roba da ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali, yaro ya zauna ya haɗa da hannunsa. Suna da amfani, amma suna da tsada, kuma ƙananan kayansu na da haɗari a gidan da ke da mai rarrafe.

Wanda ya fi suna wajen ƙera su shi ne kamfanin LEGO na garin Billund a ƙasar Denmak, wanda wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, ya kafa a 1932. A 1977 suka fito da rukunin da yanzu ake kira Technic. Bambancinsa da bulon roba da muka saba gani shi ne yawancin kayansa dogayen sanduna ne masu ramuka, da 'yan ƙusoshin roba, da giya masu haƙora. Idan an gama haɗawa, sitiyari yana juya taya, a wasu kuma fistan na injin yana hawa da sauka idan an tura motar.

Me ya sa matsakaiciya?

Ƙananan motocin rukunin, kamar tifa mai lamba 42147 da ke da gunduwa 177, yaro mai kaifin hannu zai gama su tsakanin azahar da la'asar, washegari ya dawo miki da neman waya. Manyan kuwa, kamar Bugatti Chiron mai gunduwa 3,599, manya aka yi wa su, farashinsu ɗaruruwan daloli ne, kuma kuskure ɗaya a cikin giya kan sa a kwance aikin kwanaki. Yaro ɗan shekara tara zai gaji a tsakiya, kwalin ya koma ƙarƙashin gado.

Tsakanin waɗannan biyu akwai masu gunduwa 400 zuwa 900. Suna ɗaukar yaro kwana biyu zuwa huɗu idan yana zaman awa ɗaya ko biyu, suna da injin ko sitiyari na gaske, kuma idan an gama ba su fi ƙarfin hannunsa ba. Da yawansu a kan kusan dala 50 aka fito da su a Amurka. Ki lissafa da canjin yau, ki ƙara kuɗin kawowa, za ki ga ba abin da za a saya da ka ba ne.

Ki fara da yaron, kafin motar

Tambayar farko ita ce: idan ya gama, me zai yi da ita? Akwai yaron da zai tura ta a tsakar gida har tayar ta cinye. Irin wannan ki nema masa motar aiki. Taraktar John Deere mai lamba 42136, gunduwa 390, ta 'yan shekara 8 zuwa sama, tana lanƙwasa daga tsakiya idan za ta sha kwana, kuma tana da tirela mai juye kaya. Motar kwasar shara ta Mack, lamba 42167, gunduwa 503, tana da hannu a gefe da ke ɗaga bokitin shara ya zazzage. Jeep Wrangler, lamba 42122, gunduwa 665, tana da igiyar janwe a gaba, kuma ƙafafunta suna lanƙwasa idan ta hau tudu.

Akwai kuma yaron da ke tsayawa a bakin gareji yana leƙen injin. Shi ki nema masa wadda fistan ke motsi a cikinta. Chevrolet Corvette ZR1, lamba 42093, gunduwa 579, tana da injin silinda takwas, kuma ana iya kwance ta a haɗa wata mota daban da kayan. Bugatti Bolide, lamba 42151, gunduwa 905, ta 'yan shekara 9 zuwa sama, injinta mai silinda goma sha shida ne. Ki sani motocin tsere cikinsu a ƙasa yake, sun fi dacewa da siminti ko tayil fiye da yashi.

Na ce "yaro", amma har 'ya'yanmu mata nake nufi. Yarinyar da ke iya bin zanen saƙa ko lissafin ɗinki za ta bi littafin haɗawa ba tare da wahala ba, don babu rubutu a cikinsa, hotuna ne da lambobi.

Karanta kwalin

Abu huɗu za ki duba: shekarun da aka rubuta, yawan gunduwa, lambar samfuri, da hotunan bayan kwali inda ake nuna abin da ke motsi. Ki ɗauki shekarun da muhimmanci. Ford GT mai lamba 42154 ba ta cika girma ba a ido, amma gunduwarta ta haura 1,400 kuma 18+ aka rubuta mata. Ki kuma lura da masu alamar Control+: suna tafiya da batir, kuma da manhajar waya ake tuƙa su. Idan raba yaro da waya kike so, kin ga an koma gidan jiya.

Akwai wasu kamfanoni na ƙasar Sin, irin su CaDA da Sluban, da ke yin nasu da sunansu a farashi mai sauƙi. Wannan daban yake da jabu, wato kwalin da ya kwaikwayi na LEGO. Na asali akwai sunan kamfanin da ƙananan haruffa a jikin yawancin gunduwoyin. Kowanne za ki saya, idan robar na warin fetur ko gefenta na da kaifi, ki bar shi. Idan gwanjo ne, ki rubuta lambar samfurin a shafin LEGO na intanet, littafin haɗawa kyauta ne a can, kuma a ƙarshensa akwai jerin kayan da za ki ƙirga da shi kafin ki biya. Ki wanke da hannu da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu, kada zafinsa ya wuce digiri 40, ki shanya a inuwa.

Ga inda aikina ya shigo

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, wannan sashen ya fi damuna. Ƙusoshin robar nan ba su fi ƙwayar wake tsawo da yawa ba, kuma yaro ƙasa da shekara uku komai baki yake kaiwa, ko hanci, ko kunne. Duk abin da zai wuce ta cikin kwalin tsakiyar tishu, ki ɗauka zai iya shaƙe shi. Don haka a riƙa haɗawa a kan tebur, a zuba kayan a babban tire mai baki, a buɗe leda ɗaya bayan ɗaya bisa lambarta, a yi aikin lokacin da ƙanin yake barci. Idan an tashi, a share wurin, ragowar a zuba a roba mai murfi.

Idan abu ya shiga hanci ko kunne, kada ki sa ashana ko tsinke, tura shi ciki za ki yi. Ki kai shi asibiti. Idan ya haɗiye yana tari da ƙarfi, ki bar shi ya yi tarin, kada ki ba shi ruwa, kada ki zura yatsa kina lalube. Idan ya kasa kuka ko numfashi, ki sunkuyar da shi ki buga tsakanin kafaɗunsa sau biyar da tushen tafin hannu. Idan bai fito ba kuma ya haura shekara ɗaya, ki tsaya a bayansa ki matsa saman cibiyarsa ciki da sama sau biyar. Jariri ƙasa da shekara ɗaya ba a matsa masa ciki: ki kifa shi a cinyarki kansa na ƙasa ki buga bayan, sannan ki juya shi ki danna tsakiyar ƙirji sau biyar. Ki ci gaba da maimaitawa, wani kuma ya nemo abin hawa. Wasu motocin masu fitila suna da ƙaramin batir mai kama da maɓalli. Idan yaro ya haɗiye shi, cikin awa biyu yana iya ƙone maƙoshi, ko da yaron yana wasansa. A tafi asibiti nan take.

Ranar haɗawa

Ki zauna kusa, amma ki bar hannunsa ya yi aikin. Abu biyu kawai za ki nuna masa. Baƙar ƙusa tana riƙewa gam, mai ruwan toka tana barin abu ya juya, idan ya musanya su taya za ta cije. Sandunan da giya ke hawa kuma tsawonsu ya bambanta, shi ya sa littafin ke zana su daidai girmansu don a ɗora a gwada. Idan ya zo wajen giya, ki ce ya ƙirga haƙora: mai takwas sai ta juya sau uku kafin mai ashirin da huɗu ta juya sau ɗaya. Ya koyi lissafin da malami zai rubuta masa a allo nan gaba, kuma ya gane dalilin da direban tifa ke sa giya ɗaya a kan tudu.

Idan kuɗin bai kai ba a bana, kada ki ci bashi saboda abin wasa. Ku haɗa kuɗi da 'yar'uwarki ku sayi guda ɗaya, yaran wannan gida su haɗa, su kwance, su miƙa wa na wancan. Wadda ta taɓa saya wa 'ya'yanta kuma, ta faɗa mana a ƙasa wacce ta saya da kwana nawa ta ɗauke su. Sai mako mai zuwa.