Ƙaramar Bindiga Mai Araha: Ina Ribar Take?

Tun da 'yan bindiga suka shiga ƙauyukan Tsanyawa da Shanono a ƙarshen 2025 suna sace mutane, magidanta da dama sun fara tambayar farashin fistol. Manomin da bai da abin sayarwa sai buhunan gero yana neman mai araha. To, 'yan'uwa, a tsaya a yi lissafi.

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Fistol tana cikin haramtattu, Shugaban Ƙasa kaɗai ke ba da izininta. Bindigar farauta ta bature sai da lasisin Sufeto Janar, bindigar toka kuwa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Wanda aka kama da haramtacciya, ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙaranci.

Ko gwamna bai iya sauya wannan ba. A 2022 Bello Matawalle ya ce wa mutanen Zamfara su nemi bindiga, Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan iko.

Ga kuma wata matsala. Fistol ta kusa ce, maharan kuwa AK-47 suke riƙewa, wadda ke harbi daga nesa. Ƙirar maƙera tana iya fashewa a hannu, ko yaro ya tsince ta a ɗaka. Araha ba ta ado.

Kuɗin sun fi amfani in an haɗa su: fitilu, waya, da 'yan sintiri masu rajista waɗanda dagaci da 'yan sanda suka san su. Kirista da Musulmi su tsare gari tare. Allah ya kiyaye mu.