Kafin Ka Yi Murna da Ribar da Manhaja Ta Nuna Maka

A 'yan shekarun nan da yawa daga cikinmu sun shiga harkar sayen hannun jari ta wayar salula. Ɗan abin da mutum ya tsimi daga kuɗin makaranta ko daga ƙaramar sana'a sai ya zuba, sa'an nan kullum ya riƙa leƙa manhaja. In ya ga kore ya yi murna, in ya ga ja ransa ya ɓaci. A ra'ayina, wannan leƙen bai kai a kira shi bin diddigin jari ba, domin akwai tambayoyi uku da manhaja ba za ta yi wa mutum ba.

Tambaya ta farko ita ce: me kuɗin nan za su iya saya yanzu? Mu ɗauki shekarar 2024. A cewar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na shekarar. A ce ɗalibi ya zuba naira 100,000 a watan Janairu, manhaja kuma ta nuna masa 120,000 a ƙarshen shekara. Zai ce ya ci ribar kashi 20 cikin ɗari. Amma kayan da ake saye a kan 100,000 sun koma kusan 135,000. Ashe ko uwar kuɗinsa ba ta dawo cikakkiya ba, balle riba.

Hatta wanda jarinsa ya tafi kafaɗa da kafaɗa da ma'aunin kasuwar hannun jari ta Nijeriya, wanda ya tashi da kashi 37.65 a shekarar, da ƙyar ya sha. In kuwa da dala zai auna, to ya faɗi, domin dalar da take kusan naira 900 a farkon shekarar ta haura 1,500 a ƙarshenta.

Tambaya ta biyu: nawa na zuba da hannuna? Wanda yake ƙara naira 10,000 duk wata zai ga jimillar kuɗinsa tana hawa ko da kasuwa tana faɗuwa. Saboda haka wajibi ne mutum ya rubuta duk abin da ya zuba da ranar da ya zuba shi, ya ware uwa daban, riba daban, kamar yadda kowane ɗan tireda yake yi.

Tambaya ta uku: nawa zai shiga aljihuna in na sayar yau? Dillali yana da la'adarsa wajen saye da wajen sayarwa, kuma ana cire harajin kashi 10 daga ribar da kamfani ke raba wa masu hannun jari. Bugu da ƙari, ribar da ba a sayar an karɓa ba tana iya gushewa. Iyayenmu da suka sayi hannun jarin bankuna bayan garambawul ɗin 2005 sun ga haka: kasuwa ta kai ƙololuwa a watan Maris na 2008, amma kafin shekarar ta ƙare, ma'auninta ya zube da fiye da kashi 45. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wani zai ce ai an yi manhaja ne don ta hutar da mu lissafi. Gaskiya ne, tana saurin tarawa da ɗebewa, kuma tana adana tarihin ciniki. Sai dai ba ta zuwa cefane, ba ta kuma san kuɗin hayar ɗakin ɗalibi ba.

Shawarata ita ce, mu rage leƙen kullum, mu zauna sau ɗaya duk wata uku da biro da takarda, mu amsa waɗannan tambayoyi kafin mu ce mun ci riba. Allah ya sa mu dace, amin.