Motar kara da kuɗin STEAM

1/ Jiya yayata ta turo min takardar kuɗin makarantar ɗanta, ɗan aji 3. An ƙara wani sabon layi: kuɗin STEAM. Na tambayi yaron me suke yi a ajin, ya ce ana kunna musu bidiyon mutum-mutumi a kwamfuta su kalla. Su kalla fa. Yau sai na yi magana.

2/ STEAM daga Amurka ya fito, kuma Koriya ta Kudu ta shigar da shi makarantunta tun 2011. Manufar ita ce a haɗa kimiyya, fasaha, injiniyanci, zane da lissafi cikin aiki guda da yaro zai yi da hannunsa. Ya auna, ya yanka, abin ya lalace, ya gano dalili, ya sake.

3/ To wai wa ya ce mu ba mu da wannan? Ku tuna motar kara. Ka feɗe karan dawa, ka yanko taya daga tsohon silifa. Taya ɗaya ta fi sauran girma, motar ta karkace. Gaba ya yi nauyi, ta kife. Ka zauna ka gyara, ka yi mata ado. Ga lissafi, ga injiniyanci, ga zane, ba ko sisi.

4/ Sai ka je makaranta da ita a jaka, malam ya ƙwace ya ce shiririta ce. Ni an karya tawa a gaban ƴan aji, har yau ban manta ƙarar ba.

5/ Abin da ya fi ci min rai, darasin aikin hannu. Wallahi a firamarenmu tsintsiya muke sayowa a kasuwa mu kai, ko mu ba da kuɗi a rubuta mana maki. Tun muna shekara takwas aka koya mana cewa sayen abu ya fi yin sa.

6/ A takarda an taɓa haɗe darussan: manhajar NERDC ta baya ta zuba kimiyya, fasaha, kwamfuta da motsa jiki cikin darasi ɗaya. Amma a aji me ya canza? Malam ya cika allo, yara su kwafe, su haddace da Turancin da ba su ji.

7/ Alhali ga marinar Ƙofar Mata nan a Kano. Tufa na fitowa daga rijiyar baba da ɗan kore-kore, iska na bugunta ta koma shuɗi a gaban idonka. Wannan ai darasin sinadarai ne sukutum. Yara nawa aka taɓa kaiwa? Zanen hula ma lissafi ne, mai ɗinki ƙirga zare yake yi.

8/ Na san masu cewa "ajin da ba benci ne za a yi wa maganar STEAM?" Gaskiya ne, ajin da yara suka cika maƙil ba wasa ba ne, kuma malamin da albashi bai isa ba, ba a ɗora masa laifi duka. Amma kara da laka da kwali ba sa jiran kasafin kuɗi. A horar da malamin, a ba shi awa biyu a mako, a bar shi ya yi bayani da Hausa.

9/ Na ce wa yayata ta je ta nemi a nuna mata abu ɗaya tak da yaron ya ƙera da hannunsa a zangon nan. In babu, su cire layin nan daga takarda. Ranar Litinin za ta je, zan dawo muku da yadda aka yi.