Sharhi: Onagawa, Garin Masunta Da Ya Ƙi Juya Wa Teku Baya

Sharhinmu na yau zai kai mu arewa maso gabashin Japan, jihar Miyagi, wani ɗan garin masunta da ake kira Onagawa, wanda ke zaune a lungun teku, duwatsu sun kewaye shi ta fuska uku. Ranar 11 ga Maris, 2011, da ƙarfe uku saura kwata na rana, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta auku a ƙarƙashin teku, sannan igiyar tsunami mai tsayin kusan mita 15 ta shigo ta bakin lungun nan ta kwanta a kan garin. Asibitin garin yana kan tudu mai mita 16, amma sai da ruwa ya shiga hawansa na ƙasa. Cikin mutum dubu goma da ɗoriya, 827 suka mutu ko suka ɓace, aka kuma rasa kusan kashi 70 cikin ɗari na gidaje. Har gobe wanda ya je zai ga tsohon ofishin 'yan sanda, ginin kankare mai hawa biyu, kwance a gefensa kamar an ture akwati, ginshiƙan tushensa a waje. Da gangan aka bar shi a haka. Abin da za mu tattauna shi ne yadda mutanen garin suka sake gina shi, domin a ganina sun yi daidai da suka auna ginin da sana'ar da ke ciyar da su da kuma yawan mutanen da suka rage, maimakon su yi ta neman dawo da jiya.

Bayan bala'in, gwamnatin Japan ta shiga gina ganuwar kankare a gaɓar arewa maso gabas, mai tsawon kusan kilomita 400 idan aka haɗa, a kan kuɗi sama da yen tiriliyan ɗaya. A wasu wuraren tsayinta ya haura mita 14. Mutanen Onagawa suka ce ba za su zauna a bayan bangon da zai hana su ganin ruwa ba. Sai suka yi wa garin tsari kamar matakala. Can ƙasa a bakin ruwa akwai tashar jiragen kamun kifi, da kasuwar kifi, da masana'antun sarrafa shi. A mataki na biyu aka cike ƙasa aka ɗaga ta, aka zuba shaguna da tashar jirgin ƙasa. Gidajen kwana kuwa aka sassaƙe duwatsu aka kai su sama, inda ruwan 2011 bai kai ba. Katangar tare ruwa tana nan, amma gajera ce, an kuma haɗe ta da cikon titi yadda ba ta tokare ido. Hikimar ita ce, shago da rumbu idan ruwa ya ci ana sake ginawa, mutumin da ruwa ya tarar yana barci kuwa ba ya dawowa. Masunci kuma yana so ya leƙa daga ƙofar gidansa ya ga launin ruwa da yanayin iska kafin ya kunce jirgi, yana kuma so ya ga ruwa idan ya janye ba zato, domin wannan janyewar ita ce sallamar tsunami. Kusa da Onagawa akwai Ogatsu, inda aka gina bango mai mita 9.7. Kafin bala'in mutanen wurin sun kusa 4,000. A ƙidayar 2015 an samu kimanin 1,000. Ba bangon ne kaɗai ya kore su ba, jinkirin samar da filayen gidaje ma ya taimaka, amma dai ga bango ya tsaya yana gadin fili.

Wa ya yanke wannan shawara? Nan ne labarin ya fi daɗin ji. Wata guda bayan bala'in, 'yan kasuwa da masu sana'ar kifi suka kafa majalisar farfaɗo da gari. Shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa na lokacin, Masanori Takahashi, wanda shi kansa ya kai sittin, ya nemi duk wanda ya kai shekara sittin ya ja bakinsa ya yi shiru, ya bar wa 'yan talatin da 'yan arba'in tsara gari. Hujjarsa ita ce aikin zai ci shekara goma, a kuma ɗauki wasu goman kafin a san ko an yi daidai, don haka waɗanda za su rayu da sakamakon su ya kamata su zaɓa. Aikin dattawa shi ne nemo kuɗi da tare wa yara faɗa. A ƙasar da ake girmama furfura kamar Japan wannan ba ƙaramar magana ba ce. A watan Nuwamban shekarar aka zaɓi Yoshiaki Suda, ɗan shekara 39, magajin gari.

Ana ganin hannun matasan a abin da suka gina. Tashar jirgin ƙasa ta koma aiki a watan Maris na 2015, fitaccen mai zanen gine-gine Shigeru Ban ne ya zana ta, rufinta fari kamar tsuntsun teku ya buɗe fukafukai, da wurin wankan ruwan zafi a samanta. Daga ƙofarta wani titin jan bulo ya miƙe sak zuwa teku, an daidaita shi yadda ranar farko ta sabuwar shekara za ta ɓullo daidai ƙarshensa. Shagunan da ke gefen titin, waɗanda aka buɗe a ƙarshen 2015, su ne abin lura. Cutar da ke kashe kasuwannin ƙananan garuruwan Japan sananniya ce: mai shago ya tsufa, 'ya'ya sun tafi Tokiyo, ya ja ƙyaure ya rufe, ba ya sayarwa ba ya ba da haya domin a saman shagon yake kwana, har titi gaba ɗaya ya zama jerin rufaffun ƙofofi. A Onagawa fili na hukumar gari ne, gine-ginen na wani kamfanin haɗin gwiwa ne, masu shaguna 'yan haya ne. Wanda ya gaji ya fita, wani ya shiga. An kuma tattara ofisoshi da shaguna da wurin taro wuri guda da ake iya zagayawa da ƙafa, domin mutum dubu shida idan aka baza su a filin mutum dubu goma, garin zai yi kama da kufai.

To, mai sauraro zai iya cewa, ai duk wannan kwalliya ce, gari ya rasa fiye da sulusin mutanensa, ina nasarar? Gaskiya ne ƙidayar 2010 ta nuna 10,051, ta 2015 kuma 6,334. Amma raguwar ba tsunami ce ta fara ta ba. A shekarun 1960 garin ya kai kusan mutum dubu 18, tun daga nan yake zubewa, kamar sauran garuruwan gaɓa. Kifin da Japan ke samu ya kai ƙololuwa a 1984, tan miliyan 12 da dubu ɗari takwas, yanzu ya koma ƙasa da miliyan huɗu. A 2014 wani rahoto da tsohon minista Hiroya Masuda ya jagoranta ya lissafa ƙananan hukumomi 896 da ke fuskantar barazanar ɓacewa saboda ƙarancin mata matasa. Gari ɗaya ba zai juya wannan ruwa ba. Abin da zai iya yi shi ne ya tsayar da zubar, kuma ƙidayar 2020 ta samu mutum 6,430 a Onagawa, wato bai ragu ba cikin waɗannan shekaru biyar. Ba a ɓoye cewa ma'aikatan gine-gine da baƙin da ke aiki a masana'antun kifi, irin su 'yan Biyetnam, suna cikin lissafin ba. Su ma dai mazauna ne, kuma ba don su ba da injinan sarrafa kifi da dama sun tsaya.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma dole a amsa ta da gaskiya. Masu ita suna cewa Onagawa da bazar wani yake rawa. A gefen garin akwai tashar wutar lantarki ta nukiliya ta kamfanin Tohoku Electric, wadda ta fara aiki a 1984. Harajinta da tallafin da ke biyo ta su suka cika asusun garin, su ne kuma suka ba shi ƙarfin ƙin haɗewa da birnin Ishinomaki a 2005, lokacin da maƙwabta irin su Ogatsu suka haɗe. Ga kuma kuɗin gwamnatin ƙasa, wadda ta kashe sama da yen tiriliyan 30 a shekaru goma na sake gina yankin, har ta ɗora wa kowane mai biyan harajin kuɗin shiga ƙarin kashi 2.1 cikin ɗari na abin da yake biya, na tsawon shekara 25. Duk wannan haka yake. Sai dai kuɗin gwamnatin ƙasa ya zuba a garuruwa da yawa, sakamako kuma bai zo ɗaya ba. Abin da kuɗin nukiliya ya saya wa Onagawa mafi daraja shi ne ikon yanke wa kansa hukunci, da magajin garinsa da majalisarsa a cikin gari, alhali makomar Ogatsu daga ofis mai nisa aka tsara ta. Farashin wannan 'yanci kuwa yana nan a fili. Tashar nukiliyar ta tsira a 2011 saboda an gina ta a kan tudu mai kusan mita 15, har ɗaruruwan mutane suka fake a cikinta, amma injinta na biyu ya koma aiki a watan Oktoba na 2024, kuma mutanen da ke zaune a ƙauyukan tsibiran da siraran hanyoyin dutse suna da hujjar tambayar ta ina za su bi idan abu ya ɓaci.

Inda gizo ke saƙa dai shi ne cikin ruwa. An san Onagawa da wani siririn kifi mai sheƙi kamar wuƙa da ake kira sanma, wanda ake gasawa a gawayi da gishiri lokacin kaka. Don shi aka yi gaggawar gina katafaren rumbun sanyi da ƙasar Katar ta biya kuɗinsa, kimanin yen biliyan biyu, aka buɗe shi a watan Oktoba na 2012, aka raɗa masa suna Maskar, sunan wata tsohuwar dabarar kamun kifi ta mutanen Katar. Ba rumbun sanyi, jiragen sanma ba za su sauke kaya a tashar ba, shi ya sa aka fara da shi tun mutane na zaune a gidajen wucin gadi. Amma kifin ya yi ƙaura. A 2008 Japan ta kama sama da tan dubu 300 na sanma, a 2022 ba ta kai dubu 20 ba. Ruwan gaɓa ya yi ɗumi, garken kifin ya koma can tsakiyar teku, inda manyan jiragen Taiwan da Sin ke tare shi. Akwai kuma wata halittar teku mai ja da ƙuraje kamar abarba, hoya, wadda masunta ke kiwo a jikin igiyoyi, kuma a da yawancinta Koriya ta Kudu ake kai wa. A 2013 Koriya ta hana shigar kayan teku daga jihohi takwas saboda hatsarin nukiliyar Fukushima, har a 2016 aka zubar da dubban tan na hoyar Miyagi, kamfanin da ke da tashar Fukushima ya biya diyya. A watan Agusta na 2023 Sin ita ma ta rufe ƙofarta ga kayan tekun Japan.

Wani zai ce wannan ya rushe hujjata, tunda garin ya jingina da teku, teku kuma ta zame. Ni akasin haka na gani. Abin da ke riƙe da Onagawa yanzu shi ne kiwo a cikin lungun tekun da ya ƙi toshewa, musamman kifin salmon da ake kira ginzake. Ana renon 'ya'yansa a ruwan daɗi, a kai su kejin raga a teku wajen Nuwamba, a kwashe daga bazara zuwa Yuli kafin ruwa ya yi zafi. Miyagi ce ke samar da mafi yawan irin wannan kifi a Japan, Onagawa kuma na sahun gaba, ga kawa da sauran kayan ɓawo. Wannan sana'a ce ta kullum, wadda ke buƙatar mutum ya kwana kusa da kejinsa, ga tasha, ga ƙanƙara, ga masana'anta a wuri guda. Dokar kamun kifi ta 1949 ta damƙa haƙƙin ruwan gaɓa a hannun ƙungiyoyin masunta na kowane yanki, gyaran da aka yi mata a 2018 kuma ya buɗe wa kamfanoni ƙofa inda ba a cin moriyar ruwan yadda ya kamata. Ma'ana, garin da masuntansa suka watse, ruwansa ma zai iya fita daga hannunsa. Ɗumamar ruwa na barazana ga salmon ɗin shi ma, kuma babu tsarin gari da zai sanyaya teku, amma garin da ke da matasa masu yanke shawara a bakin ruwa ya fi saurin sauya abin da yake kiwo.

Game da tsaron rai, wanda shi ne hujjar masu ganuwa, ɗaliban ƙaramar sakandaren garin sun ba da tasu amsar. Waɗanda suka shiga makarantar a shekarar bala'in sun tara gudummawa suka kafa duwatsun tunawa a ƙauyukan gaɓa 21 na Onagawa, kowanne a sama da inda ruwa ya tsaya, ɗauke da gargaɗin cewa idan ƙasa ta girgiza a gudu a wuce dutsen. An kafa na farko a 2013, na ƙarshe a 2021, lokacin da yaran suka riga suka zama manya.