ZINARIYA A HANNUN LIKITA

Mutanen Gobir sun san zinariya a wuyan amarya, sun kuma san ta a ramukan Zamfara, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Amma kaɗan ne suka san tana da aiki a hannun likita. Alhali kuwa duk wanda aka taɓa soka wa allura a yatsa a Gatawa ko Isa don awon zazzaɓin cizon sauro, ya gan ta da idonsa. Jan layin nan da ke fitowa a jikin abin awon, galibi ƙwayoyin zinariya ne suka taru wuri guda.

Dalili kuwa shi ne, in aka mai da zinariya ƙwayoyi ƙanana ainun, har sai an jera dubbai kafin su kai kaurin gashi ɗaya, launinta yakan juye ya koma ja. Wani masani na Ingila, Michael Faraday, ya haɗa irin wannan jan ruwa a Landan, ya ba da bayaninsa a 1857. Yau masana suna neman su sa ƙwayoyin nan su tona asirin ƙari, watau ciwon daji, tun yana ƙarami a cikin jiki.

Ga yadda abin yake. Hasken ɗaukar hoton ciki, wanda Röntgen ya gano a Jamus a 1895, yakan ratsa nama ya wuce, ƙashi ne ke tare shi. Saboda haka ƙashi ke fita sarai, ƙari kuwa ya saje da naman da ke kewaye da shi. Ko da na'urar CT ta zo a 1971, likitoci sukan yi wa majinyaci allurar ruwan aidin don wurin ya fito. To, aidin ba ya jimawa, nan da nan ƙoda ke fitar da shi, yana kuma wahal da mai raunin ƙoda. Zinariya kuwa ta fi aidin tare hasken, ana kuma iya shirya ta yadda za ta daɗe tana yawo cikin jini. Bugu da ƙari, jijiyoyin jinin da ciwon daji ke yi wa kansa ginin gaggawa ne, duk ɓaraka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙwayoyin sukan zurara ta nan su maƙale, wurin ya yi fari a hoto. Wasu masana biyu na Japan, Matsumura da Maeda, su suka bayyana wannan hali na jijiyoyin a 1986. A 2006 James Hainfeld da abokan aikinsa a Amurka suka yi wa ɓeraye allurar zinariya, hoto ya nuna ƙari da jijiyoyin da ba su kai kaurin zare ba.

Amma fa ɓera daban, ɗan Adam daban. Har yanzu wannan hanya tana matakin gwaji, ba ta zama aikin yau da kullum a asibiti ba. Manyan ƙwayoyin sukan zauna cikin hanta da saifa lokaci mai tsawo, dole kuwa a tabbatar ba su da lahani tukuna. Don haka duk wanda ya fito ran kasuwa da kwalba ya ce ruwan zinariya ne mai maganin daji, maƙaryaci ne, kuɗin talaka yake nema.

Ta wajen shari'a, malamai sun san labarin Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi. Ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi da ya sa na zinariya. Daga nan malaman fiƙihu suka halatta ta ga namiji don lalurar magani.

Abin tunani a nan shi ne, masana suna ƙoƙarin ganin ƙari tun bai kai ƙwayar gero ba, ga shi kuwa a ƙauyukan Sabon Birni mace takan ɓoye wanda ya kai gwaiba a ƙirjinta, don kunya ko tsoron wuƙa, har ya fashe. A lokacin nan babu hoton da zai yi amfani, ko da na zinariya ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Lalle ne maigida ya ba iyalinsa izni da guzuri ran da aka fara jin kumburi, ba sai an gama yawon masu tsaga ba. Limamai su faɗa a masallaci cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da sashen masu ciwon daji, amma hanyar zuwa can 'yan bindiga sun sa ta zama abin fargaba. Haƙƙi ne a kan hukuma ta tsare hanyar nan, ta kuma koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane kumburin da ya kamata a tura gaba ba da jinkiri ba.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya, amin.